Hular walda mai yin duhu da kanta, wata 8 kenan ina aiki da ita

Duk wanda ya taɓa riƙe sandar walda ya san ciwon nan, da rana lafiya ƙalau, sai can tsakar dare ka farka ido ya yi jajir yana zubar ruwa kamar an watsa maka yashi, ko fitila baka iya kallo. Shekara da shekaru haka nake fama, baƙin gilashin nan na 'yan kwalliya nake sawa, in abin ya taso uwargida ta jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta ɗora min har asuba. Sai da na je asibiti likita ya ce Malam hasken walda ne ke ƙona maka saman ido, kuma ciwon sai bayan wasu awanni yake tashi shi ya sa baka ji lokacin aiki.

To a Sabon Gari na sayi hular nan. Gaskiya kuɗinta ya ɗan taɓa ni amma wallahi ban yi nadama ba. Kafin ka ɗana wuta kana ganin ƙarfenka sarai, kana taɓawa sai gilashin ya yi duhu nan take, ba sai ka riƙe garkuwa da hannu ɗaya kana lalube da ɗayan ba, hannu biyu duk naka ne. Akwai ɗan maɓalli na duhu daga lamba 9 zuwa 13, ni a 10 ko 11 nake barinta in ina haɗa ƙofa da taga. Tunda na fara sawa sau ɗaya kawai ido ya tashe ni da dare, shi ma ranar cire ta na yi wai zan ɗan ɗiga walda biyu kawai.

Amma fa tana da nata. Mu a bakin titi muke aiki, in rana ta take sai ta riƙa duhu tana washewa ita kaɗai, sai da na rage mata ƙarfin jin haske sannan ta natsu. Zafi kuma ba a magana, watan Afrilu gumi har cikin ido. Robar da ke riƙe kai ta karye a wata na 3, da waya na ɗaure. Farar robar gaba ma tartsatsi na cinye ta, ka sayi guda 2 ko 3 ka ajiye.

Kuma kar wani ya ɗauka tana tare hayaƙi, bata tarewa ko kaɗan. In kana walda farin bututun nan na ruwa mai zinki hayaƙinsa har zazzaɓi yake sawa da dare, ka tsaya inda iska ke kaɗa shi gaba.

Abin da ke damuna yanzu yaran shago ne, ni Oga na sa hula su kuma suna riƙe min ƙarfe ido buɗe. In Allah ya kawo kuɗin aikin get ɗin da ke hannuna zan ƙaro guda 2 saboda su.