Wata takwas ina aiki da AI a sana'ata ta kek da cincin, ga abun da na gani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na sa a sitatus cewa AI, wato manhajar nan da ake rubuta wa tambaya a waya ta ba da amsa, shi ne ya taya ni lissafin odar biki, mata suke ta bina da tambaya wai da gaske yana da amfani ko dai yayi ne kawai, toh bari in zauna in faɗa muku tsakani da Allah. Ni dai kek da cincin da samosa nake yi a gida nan Jos wajen Bauchi Road, kuma da wayata kawai nake komai.

Guda uku na gwada. ChatGPT na kamfanin OpenAI wanda ya fito ƙarshen Nuwamba 2022, da Gemini na Google, sai Meta AI ɗin nan da muka wayi gari muka gani cikin WhatsApp a 2024. Duka na kyauta nake amfani dasu. ChatGPT yana da na kuɗi, dala 20 a wata, amma ni har yau ban ga abun da zai sa in biya ba, na kyautan ya ishi aikina.

Abun da ya fara sa na yarda dashi kek ne. Na daɗe ina fama, kek zai kumbura a oben gwanin sha'awa, ina fito dashi sai tsakiya ta lotsa kamar an danna da cokali. Na zargi ƙwai, na canza fulawa, har mai gyara na kira ya duba oben, kuma abun haushin ƙanwata a Kano awonmu ɗaya da ita amma nata lafiya lau yake fitowa. Wata rana da daddare na zauna na rubuta masa komai, kofi nawa na fulawa, bota, sukari, bekin foda, na ce kuma ina Jos ne. Sai ya ce min ai Jos a kan tudu take, kusan mita 1,200 sama da teku, iskar nan ba ta da nauyi kamar ta ƙasa, shi ya sa bekin foda ke tayar da kwaɓin da sauri tun kafin cikinsa ya gasu ya riƙe kansa, daga nan sai ya zube. Kano kuwa tsayinta bai kai rabin namu ba. Ya ce in rage bekin foda, in ɗan rage sukari, in ƙara madara cokali ɗaya ko biyu, in ɗan ƙara wuta. Wallahi washegari na gwada, kek ya fito a tsaye, na daɗe ina kallonsa a kan tire kafin in yanka. A nan ne ma na ji cewa ruwa a Jos yana tafasa tun wajen digiri 96 bai kai 100 ba, ashe shi ya sa wake ke cinye mana gas haka.

Sai lissafi. Da can ƙiyasi nake yi a ka, in gama aiki in ga kuɗi sun shige ban san inda suka tafi ba. Yanzu in na dawo daga kasuwar Terminus sai in rubuta masa abun da na sayo da farashin da na biya da hannuna, in ce odar mutum 150 ce, ya raba min kowane fakiti nawa ya tsaya min. Shi ya tuna min in saka gas da leda da kuɗin keke, har da wahalata ni kaina wadda ban taɓa lissafawa ba. Amma fa ina sake bi da kalkuleta, don sau ɗaya na kama ɗaya daga cikinsu ya haɗa jimla ba daidai ba, kuma ya faɗe ta da ƙarfin gwiwa kamar ba komai.

Saƙon turanci ga kwastoma ma yana min, musamman masu bashi, ya iya tsara magana mai taushi wadda ba za ta ɓata zumunci ba. Yara ma yana taya su lissafin makaranta, sai dai na hana su kwafa, in ya yi bayani su rufe wayar su yi da kansu.

Toh yanzu inda nake so ku buɗe kunne. Bai san kasuwarmu ba. Na taɓa tambayar ɗaya nawa kwandon tumatir a kasuwar Farin Gada, ya ba ni wani farashi da ko a mafarki ba a sayarwa haka, alhali kun san Farin Gada farashin safe daban na yamma daban, ya danganta da motocin da suka shigo. Mudu ma haka, ya yanke min cewa mudu kilo kaza ne, ni kuma na san mudun wannan mai shago ba ɗaya yake da na wancan ba, balle tiyar Kano. Dole na sayi ƙaramin sikeli na auna nawa, yanzu da giram nake masa magana.

Hausarsa kuma sai a hankali. Yana ganewa in na rubuta, amma in ya mayar da amsa wani lokacin kamar wanda ya koyi Hausa a littafi bai taɓa zama da mutane ba, na ce ya rubuta min tallan cincin na sallah da Hausa, abun da ya kawo ko ni ba zan saya ba. Dalilin shi ne da rubuce-rubucen intanet aka horar dashi kuma yawancinsu turanci ne, aikinsa hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya, shi ya sa yake iya tsara magana ta yi kyau ko da ba gaskiya bace.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na addini. Na so in sa hadisi kan gaskiya a ciniki a sitatus ranar Juma'a, na tambayi ɗaya daga cikinsu, ya kawo min har da sunan littafi da lamba. Allah ya taimake ni na fara tura wa malamarmu ta islamiyya, ta duba ta ce Maman Hanif wannan lafazin ba ya wurin da aka ce, kar ki yaɗa. Jikina ya yi sanyi, don da na saka mutum nawa ne za su kwafa su tura gaba da sunan Manzon Allah SAW? Abban yara ya ce min ai ko a Amurka a 2023 an ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a New York saboda sun kai wa kotu shari'o'in da AI ya ƙirƙiro musu. Tun daga ranar ban sake tambayarsa fatawa ko hadisi ba, haka maganin yara, wannan asibiti ake zuwa.

Don Allah kuma kar ku riƙa zuba masa lambar BVN ko NIN ko hoton alat mai sunan kwastoma, ni ko sunan mai bashi ba na sawa, Hajiya kawai nake rubutawa.

Masu tambayar wanne za su fara dashi, in wayarki ba ta da wuri ki fara da na cikin WhatsApp tunda ba sai kin sauke komai ba, ni dai na fi sabawa da ChatGPT wajen awo da lissafi. Wadda kek ɗinta ke lotsawa a nan Jos ta fara rage bekin foda kaɗan ta gani, in bai yi ba ta min magana in turo mata awon da nake bi yanzu.