Lavaux ta jirgin ruwa: sharhin baƙon da ba ya shan giya

Duk wanda aiki ko karatu ya kai shi Suwizalan, ya ware yini guda don Lavaux, gonakin inabin da ke gangaren tafkin Janeba tsakanin Lausanne da Montreux. Giya ce ta yi wa yankin suna, ni kuwa ba na sha, amma ban ji an tauye mini komai ba.

Shawarata a shiga ta ruwa. Kamfanin CGN, mai jigilar fasinja a tafkin, yana da tsofaffin jirage masu aiki da tururi, irin su La Suisse da aka ƙera a 1910. A wanda na hau, injin a buɗe yake a tsakiya, fasinja na leƙawa yana kallon ƙarafa na juyawa. Ga tsabta, ga kiyaye lokaci, kuma tikitin Swiss Travel Pass, wanda baƙi ke saya don zagaya ƙasar, yana aiki a ciki. Daga kan ruwa ne kaɗai ido ke iya ɗaukar gangaren gaba ɗaya: hawa kan hawa na katangun dutse, tun daga bakin tafki har can sama, suna bin gaɓar tafkin tsawon kusan kilomita 30.

Katangun nan su suka fi kama mini zuciya. Sufayen Kirista ne suka fara sassaƙa tudun a ƙarni na 11 da na 12, manoma suka gada, kuma har yau da hannu ake gyaran abin da ya rushe. Wanda ya san gonakin dutsen Sukur a Adamawa zai gane irin wannan wahala nan take. Mutanen wurin suna cewa inabinsu na shan rana uku: ta sama, wadda tafki ke maidowa, da ɗumin da katanga ke riƙewa ta saki da dare. Na dafa wata katanga bayan la'asar, ai kuwa da ɗuminta. A wasu gonakin tsabar gangara ta hana tarakta shiga, sai wani ɗan keken inji mai bin layin ƙarfe guda ke sauko da kwandunan inabi. UNESCO ta sa yankin, mai faɗin kusan hekta 830, cikin kayan tarihin duniya a 2007, kuma ya cancanta.

Na sauka a garin Cully na taka zuwa ƙauyukan Epesses da Rivaz har Saint-Saphorin. Hanyar a gyare take, sai dai hawa da sauka ba wasa ba ne, kuma inuwa ta yi ƙaranci. A riƙe ruwa da hula. Dattijo ko mai ciwon gwiwa gara ya hau ƙaramin jirgin ƙasan da ke tashi daga Vevey zuwa Chexbres, zai ga komai daga taga.

Wajen abinci a yi hattara. Cukun da ake narkarwa, fondue, da farar giya ake haɗa shi, wani lokacin ma har miyar kifi. Soyayyen kifin tafkin da dankalin turawa yana da daɗi, amma a tambaya kafin a ci. Wasu manoman suna sayar da ruwan inabi zalla wanda bai zama giya ba. Tsada kuwa akwai ta. Farantin kifi ɗaya a wani gidan abinci na bakin ruwa ya sa na ƙudura zuwa da guzurina nan gaba.

Idan da sauran lokaci, a zarce fadar Chillon da ke zaune kan dutse a cikin ruwa, kusa da Montreux. Ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba ne lokacin tsinkar inabi, sa'ilin gonakin cike suke da ma'aikata.