TOMM: gwajin mantuwa da ake yi wa mai neman diyya bayan raunin kai

Mutum ya bugu a ka, hoton ƙwaƙwalwa bai nuna komai ba, amma watanni sun shuɗe yana kukan ciwon kai, jiri, mantuwa da saurin fushi, ga ƙarar neman diyya a gaban kotu. A 1961 likitan ƙwaƙwalwa Henry Miller na Ingila ya ce yawancin irin waɗannan suna warkewa da zarar an gama shari'a. Binciken da ya biyo baya ya nuna da yawansu suna ci gaba da fama ko bayan an biya su. Wannan taƙaddamar ce ta sa ake neman ma'aunin da zai nuna ko mutum yana yin iya ƙoƙarinsa a gwaji ko yana ƙaryar mantuwa, kuma TOMM, wanda Tom Tombaugh ya fitar a 1996, yana cikin waɗanda aka fi amfani da su.

Aikinsa ba wuya. Ana nuna wa mutum zane 50 na abubuwan yau da kullum, kowanne daƙiƙa 3. Sai a riƙa kawo masa biyu-biyu, ɗaya ya gani, ɗaya sabo, ya nuna wanda ya gani, a gaya masa nan take ko ya dace. A sake zagaye na biyu, in an so a ƙara na uku bayan minti 15.

Abin da ya sa muke yaba masa shi ne, a ido yana kama da gwaji mai tsauri, alhali gane hoto abu ne da masu raunin ƙwaƙwalwa na gaske ma suke iyawa. Yawancinsu sukan ci 45 ko fiye a zagaye na biyu. Mai canka kawai zai samu wajen 25. Wanda ya faɗi ƙasa da haka sosai, alama ce mai ƙarfi cewa ya san amsar yana kauce mata.

Inda ake ɓata shi kuwa wajen fassara sakamako ne. Faɗuwa, wato cin ƙasa da 45 a zagaye na biyu, tana nuna cewa makin sauran gwaje-gwajen ranar ba abin dogaro ba ne. Ba ta nuna niyyar mutum, ba ta kuma nuna cewa babu rauni. Mai ciwon mantuwar tsufa da ya yi nisa zai iya faɗuwa ba da gangan ba. Wanda aka koya wa sirrin gwajin kuma zai iya tsallakewa cikin sauƙi, kuma ciwon kai da jiri ba su cikin abin da yake aunawa.

Ya cancanci a saya, amma kada rahoton kotu ya tsaya a kansa shi kaɗai. A haɗa shi da wani gwajin da ke auna ko mutum ya yi iya ƙoƙarinsa, aƙalla ɗaya, da takardun asibiti na ranar hatsarin, musamman tsawon suma da lokacin da mutumin ya ɗauka kafin ya fara riƙe abin da ke faruwa.