Jadawalin M'Cheyne: Sura Huɗu Kowace Rana, Ga Yadda Na Same Shi

Yawancinmu da muka tashi a ikkilisiya mun san Littafi Mai Tsarki ne a gutsuttsure. Zabura 23, labarin Yusufu da 'yan'uwansa, Dauda da Goliyat, Yahaya 3:16, sai kuma duk inda fasto ya ja mu ranar Lahadi. Amma tambayi dattijon da ya shekara talatin yana zama a bencin gaba abin da ke cikin Nahum ko Obadiya, sai ka ga ana sosa ƙeya. Littattafai 66 ne, surori 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. Wanda zai karanta sura uku da ɗoriya kullum, shekara ba za ta zagayo ba sai ya sauke. Lissafin ke nan, mai sauƙi a baki.

Jadawalin da na yi amfani da shi na wani fasto ne ɗan ƙasar Sikotilan, Robert Murray M'Cheyne, wanda ya tsara wa 'yan ikkilisiyarsa ta garin Dundee a ƙarshen 1842 domin su fara da sabuwar shekara. Shi kansa bai ga ƙarshen shekarar ba, ya rasu a watan Maris na 1843 yana ɗan shekara 29. Kyauta ake samunsa a intanet, akwai shi kuma a cikin manhajojin Littafi Mai Tsarki na waya. Ni dai na buga nawa a takarda, na ninke na cusa a bangon littafina, don waya tana da jarabar da takarda ba ta da ita.

Ga tsarinsa. Kowace rana wurare huɗu ne, galibi sura ɗaɗɗaya. Ranar 1 ga Janairu za ka buɗe Farawa 1, Matiyu 1, Ezra 1 da Ayyukan Manzanni 1, wato mafarin duniya, zuwan Almasihu, komowa daga bauta a Babila, da somawar ikkilisiya. Biyun farko ya ware su don sujadar iyali, biyun ƙarshe na mutum ne shi kaɗai. In ka bi shi har 31 ga Disamba, ka karanta Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu-biyu.

Da farko abin ya yi mini kamar wasa da hankali. Me ya haɗa Nuhu da Ezra da za a sa ni in karanta su a zama ɗaya? Amfanin bai bayyana ba sai da aka shiga watan Afrilu. Duk wanda ya taɓa ɗaura niyyar karatu daga bango zuwa bango ya san inda ake zubewa: Littafin Firistoci. Farawa labari ne, rabin farko na Fitowa labari ne, daga nan sai awon alfarwa, sai surori 27 na hadayu, kuturta, da abin da ke da tsarki da marar tsarki. A nan alkawarin sabuwar shekara yake mutuwa. A wannan jadawali kuwa, ranar da kake fama da dokar hadaya don zunubi, a gefe kana cikin Zabura, ga Karin Magana, ga wasiƙun Bulus. Kamar tuwo ne da miya, ɗaya yana taimakon ɗaya ya wuce. Kuma kana gama Firistoci da 'yan kwanaki sai ga Ibraniyawa, jinin bijimai da na awaki da aikin babban firist duk suna nan ɗanye a ranka. Na sha jin wa'azi daga Ibraniyawa 9 da 10, amma ban taɓa jin nauyinsu irin na wannan karon ba. Wannan kaɗai ya biya ni wahalar.

Akwai kuma abin da ya burge ni a ƙarshen shekara. Rana ta ƙarshe tana rufewa da 2 Tarihi 36, inda Sairus sarkin Farisa ya ba da izini a koma a gina Haikali. Washegari, in ka sake ɗaukar jadawalin, Ezra 1 da wannan shelar ce yake buɗewa. Ko da gangan mutumin ya yi, ko dacewa ce, ya yi kyau.

To, amma sura huɗu ba ƙaramin kaya ba ne, kada wani ya ruɗe ka. Ran da suka zo gajeru, kafin ruwan shayi ya huce ka gama. Ran da ka ci karo da Ƙidaya 7, mai ayoyi 89, inda shugabanni goma sha biyu suka kawo baiko iri ɗaya aka kuma jera na kowa daki-daki, ko surori tara na farkon 1 Tarihi da ke cike da sunaye, za ka san ka yi karatu. Ga mai fita gona da asuba a damina, ko uwar da ke shirya yara makaranta, abin yakan zama bashi. Kuma bashin nan yana da saurin haihuwa: ka tsallake kwana uku, sura goma sha biyu suna jiranka. Abin da na gani shi ne, mai ƙoƙarin biyan bashin nan duka shi ne yake fara ajiye jadawalin. Gara ka ɗauko na ranar da kake ciki, abin da ya wuce ka same shi baɗi.

Don adalci, M'Cheyne bai ɓoye wannan ba. A gabatarwar da ya rubuta ya lissafa haɗurran abin da kansa: karatu ya koma al'ada kawai, mutum ya fara ganin kansa adali don ya cika jadawali, karatun gaggawa ba natsuwa, da kuma abin ya zama karkiya mai nauyi. Ya ce wanda ya ji ya zame masa haka, ya ajiye ya yi karatunsa a sake. Na uku ne ya fi kama ni gaskiya: ido yana gudu a kan shafi, hankali yana kasuwa. Maganin da ya yi mini aiki shi ne karantawa da murya, da Hausa. Sunayen da ido zai tsallake, baki ba ya iya tsallake su.

Sashen iyalin ma yana bukatar lura. Farawa tana cikinsa, wato a Janairu da farkon Fabrairu za ka iso kan Lutu da 'ya'yansa mata a sura 19, Dinatu a 34, Yahuza da Tamar a 38. Maigidan da bai duba tun da dare ba, zai tsinci kansa yana karanta su gaban ƙananan yara da surukarsa. A gidanmu surar Sabon Alkawari ko Zabura muke ɗauka tare, sauran kowa ya ji da nasa.

Haka nan jadawalin bai san Kirsimeti ko Ista ba. Ranar 25 ga Disamba kana cikin 2 Tarihi, Zakariya, Yahaya da Wahayin Yahaya, babu komin dabbobi babu makiyaya. 'Yan'uwanmu na Katolika kuma su sani cewa littattafai 66 ya ƙunsa, ba 73 ba, don haka babu Tobit, babu Makabiyawa. Sannan kwafin da na samu da gajerun sunayen Turanci yake. Sai da na zauna na mayar wa mahaifiyata da nata zuwa Farawa, Fitowa, Maimaitawar Shari'a, Makoki, kafin ta iya bi. Aiki ne da wata ƙungiyar matasa ko zumuntar mata za ta iya yi sau ɗaya, a buga, a raba wa kowa.

Wa zan ba shawarar ya ɗauka? Wanda ya riga ya saba buɗe littafinsa kullum, yana so ya fita daga zagayen surorin da ya fi ƙauna, ya ɗauke shi duka huɗun. Sabon mai bi ko mai ƙarancin lokaci ya raba shi biyu: bana layukan iyali, baɗi na kaɗaici. Ta haka kowace shekara yana samun Sabon Alkawari da Zabura, Tsohon Alkawari kuma ya kammala shi cikin shekara biyu, Farawa zuwa 2 Tarihi a ta farko, Ezra zuwa Malakai a ta biyu. Haka mahaifiyata take yi, ni ma da na sauke zagayen farko a kan haka na koma.