Yamaha HS5 da Scarlett 2i2 a ɗaki ɗaya: sun gamsar wajen naɗar murya, sun gaza wajen kallon fim

Kusan shekara guda ke nan ina amfani da lasifika biyu ƙirar Yamaha HS5 tare da akwatin sauti na Focusrite Scarlett 2i2 a cikin ɗaki ɗaya, ɗakin da nake naɗar murya a cikinsa da rana, in kuma kalli fim da dare. Lokacin da na yanke shawarar sayen su, burina shi ne in huta da sayen kaya sau biyu, domin a ganina lasifika mai kyau lasifika ce mai kyau, ko da wane aiki aka ba ta. Zaman da na yi da su ya nuna mini cewa wannan tunani rabinsa ne kawai daidai, kuma rabin da ba daidai ba shi ne ya fi cancanta a yi bayaninsa ga duk wanda ke shirin kashe kuɗinsa.

HS5 lasifika ce ta situdiyo, wato irin wadda aka ƙera domin mai gyaran sauti ya ji abin da ya naɗa yadda yake, ba tare da an ƙawata masa shi ba. Kowace ɗaya tana ɗauke da amfilifaya biyu a cikinta: mai wat 45 tana tuƙa babban faifan da faɗinsa ya kai inci 5, mai wat 25 kuma tana tuƙa ƙaramin faifan inci 1 wanda ke fitar da siraran sautuka. Saboda haka ba ta buƙatar wata amfilifaya daga waje. Farin faifan nan da ake gane ta da shi gado ne daga tsohuwar NS-10 da Yamaha ta fitar a 1978, wadda tun asali an yi ta ne don sauraro a gida, amma masu aikin situdiyo suka rungume ta saboda ba ta ɓoye aibi, suka ci gaba da riƙe ta har bayan da aka daina ƙera ta a 2001. HS5 ta gaji wannan hali. Ranar farko da na saurari wani karatu da na naɗa tun da daɗewa, wanda a lasifikar kwamfuta nake jin sa tsaf, sai na ji ƙarar fankar kwamfuta tana kwance a ƙarƙashin muryar daga farko har ƙarshe, na ji ɗan sautin da leɓe ke yi idan ya buɗe kafin kalma ta fito, na kuma ji yadda harafin "s" ke yin kaifi fiye da kima. Duk waɗannan suna nan tun da can, kunnena ne bai samu mai nuna masa su ba.

A bayan kowace lasifika akwai maɓallai biyu da suka fi yadda ake zato amfani. Na farko yana rage kaurin sautin da ke ƙasa da 500 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti; ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri) da desibel 2 ko 4 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), na biyu kuma yana ƙara ko rage sirarin sautin da ke sama da 2,000 Hz da desibel 2. Dalilin maɓalli na farko shi ne ramin iskar da ke bayan lasifikar: idan aka manna ta da bango, bangon yana mayar da kaurin sautin ya haɗu da wanda ke fitowa ta gaba, sai murya ta kumbura kamar ana magana a cikin ganga. Haka na fara jera su bisa kuskure, kuma na shafe makonni ina rage kauri daga muryoyin da ba su da laifi, sai in kunna su a wani wuri in ji sun zama sirara. Da na janye teburin daga bango, na ɗora kowace lasifika a kan soso mai kauri don kada tebur ya riƙa girgiza da ita, na daidaita ƙaramin faifan da tsayin kunnena, sannan na sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar da ke tsakanina da kowace ɗaya, kimanin mita guda, sai matsalar ta kau. A wannan zama, muryar mai magana tana tsayawa a tsakiyar iska, daidai gaban hanci, inda babu lasifika ko ɗaya.

Scarlett 2i2 kuwa aikinsa shi ne karɓar sauti daga makirufo ko kayan kiɗa ya miƙa wa kwamfuta ta wayar USB, sannan ya dawo da sautin kwamfuta zuwa lasifika da hedfon. Na farkonsa ya fito a 2011, wanda nake amfani da shi kuma shi ne zubi na huɗu da ya fito a 2023. Yana da mashiga biyu da mafita biyu, yana iya ba makirufo irin na kwandensa wutar bolt 48 da yake buƙata, kuma ƙarfin ɗaga siginarsa ya kai desibel 69, wanda ya wadatar har ga makirufo mai nauyin tashi irin Shure SM7B da ke neman kusan desibel 60 kafin ya yi magana sosai. Abin da ya fi burge ni shi ne zoben hasken da ke kewaye da maɓallin ƙara: kore yana nufin sauti na shiga lafiya, ja yana nufin ya wuce iyaka zai fashe. Akwai kuma tsarin da ke sauraren mai magana na daƙiƙa goma ya saita ƙarar da kansa, wanda ke rage wa sabon shiga wahala ƙwarai. Akwatin yana iya naɗa har zuwa 192,000 Hz, wato a nan yawan sau da yake ɗaukar samfurin sauti a daƙiƙa ɗaya, amma ni a 48,000 nake tsayawa, domin shi ne ma'aunin da aikin bidiyo ke tafiya a kai, kuma ban taɓa jin murya ta rasa wani abu a kansa ba.

Na gwada makirufo biyu a kansa, kuma sakamakon ya saɓa wa abin da na yi tsammani. Audio-Technica AT2020, wanda na kwandensa ne, ya fi ɗaukar laushin murya da numfashinta, amma da shi yake ɗauko amsa-kuwwar bango da motsin kujera da duk wata ƙara da ke wajen taga. Shure SM58, wanda ake ƙerawa tun 1966 kuma aka fi sani a hannun mawaƙa a kan dandamali, bai kai shi jin abu ba, kuma wannan rashin jin ne alherinsa a ɗakin da ba a yi wa gyaran sauti ba. Idan baki yana kusa da shi da faɗin yatsu uku ko huɗu, murya ce kaɗai ke shiga. Wanda ɗakinsa ke da bango tsirara da daɓe mai santsi, shawarata ita ce ya fara da irin wannan, ya kuma sa labule mai kauri da kafet kafin ya yi tunanin makirufo mai tsada. Sau ɗaya na yi fama da wani gunji maras yankewa a lasifika, daga baya na gano cewa wayoyin da aka ba ni marasa kariya ne; da na maye gurbinsu da wayoyi masu layi uku, irin waɗanda kan filoginsu ke da zobe biyu, gunjin ya ɓace nan take.

Da dare ne labari ke canzawa. Yawancin finafinai ana haɗa sautinsu ne a tsarin 5.1: hagu da dama da tsakiya a gaba, biyu a gefe, sai tasha ta musamman ga kaurin sauti mai girgiza ƙirji. Mafi yawan maganar 'yan wasa a tashar tsakiya take. Idan lasifika biyu ne kawai, na'ura tana raba wannan magana ga hagu da dama, kuma kunne yana haɗa ta a tsakiya ne idan mai sauraro yana zaune daidai tsakiyar. Ni kaɗai a kujerar tebur, abin yana tafiya daidai. Da zarar mun zama uku a kan doguwar kujera, wanda ke gefe sai ya ji magana tana fitowa daga lasifikar da ke kusa da shi maimakon bakin mai magana a allo, kuma a wurin da kiɗa da hayaniya suka yi yawa, maganar tana nutsewa har sai an ƙara sauti, sannan a yi saurin ragewa idan wani abu ya fashe. Ga kuma batun nisa: an ƙera HS5 don a saurare ta daga kusa, saboda haka daga mita uku abin da ke isa kunne rabinsa na bango ne. Kaurin sautinta yana ƙarewa ne a wajen 54 Hz, alhali sautin fim yana sauka har kusa da 20 Hz, iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke ji, kuma sau da yawa idan aka matse 5.1 zuwa tasha biyu, ana yar da tashar kaurin gaba ɗaya. Aradu a fim takan zo kamar an buga ƙofa. Bayan haka, Scarlett ba shi da mashigar HDMI, wato wayar da ke ɗauke da hoto da sauti tare, kuma ba shi da rimot, don haka dole fim ya fito daga kwamfuta, kuma dole a tashi a murɗa maɓalli duk lokacin da ake son canza ƙara. Wannan ba aibin ƙira ba ne, domin ba a taɓa cewa an yi su don wannan aiki ba.

Yamaha tana da sabwufa, wato lasifikar da ke fitar da kaurin sauti kaɗai, mai suna HS8S, mai faifan inci 8, da aka yi don ta zauna da waɗannan lasifika, kuma za ta cike giɓin kaurin sauti. Sai dai ba za ta samar da tashar tsakiya ba, kuma a wurina wannan ce babbar matsalar.

Wanda fim ne babban burinsa, hanyarsa daban ce, kuma tana farawa ne daga risibar sauti, wato amfilifayar da ke rarraba sautin fim ga lasifika da yawa, mai mashigar HDMI, musamman mai eARC wadda ke karɓo cikakken sauti daga talabijin ta waya ɗaya. Bayan ta, lasifikar tsakiya ce ta fi cancantar kulawa, kuma ya kamata ta fito daga gida ɗaya da na hagu da dama, domin idan mota ta ratsa allo daga wannan gefe zuwa wancan, kada sautinta ya canza launi a tsakiyar hanya. Ƙa'idar da ake bi ita ce na gaba biyu su karkata da digiri 30 daga tsakiya, na gefe kuma su zauna a wajen digiri 110, wato kaɗan a bayan kafaɗa. Lambar wat da ake bugawa da manyan haruffa a jikin kwali ba ta faɗin komai ita kaɗai. Abin dubawa shi ne saurin tashin lasifikar, wanda ake aunawa da desibel: wadda ta fi wata da desibel 3 kacal tana ba da ƙara iri ɗaya da rabin wutar da ɗayar ke ci. Dolby Atmos, wanda ya fara a gidajen sinima a 2012, yana ƙara sauti daga sama, kuma yana da daɗi idan an shirya shi da kyau, amma ba zan ba kowa shawarar ya rage kuɗin tsakiya ko na sabwufa don ya sayi na rufi ba.

Sabwufa ita ce ta fi kowace wahalar zaunarwa, kuma dalilin lissafi ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka igiyar sautin 80 Hz tsawonta ya haura mita huɗu, kusan girman ɗakin kansa. A ɗaki mai tsawon mita 4, sautin da ke wajen 43 Hz yana kai da komo tsakanin bango biyu, ya taru a jikin bangon, ya kusan ɓacewa a tsakiyar ɗakin. Shi ya sa mutum biyu a ɗaki ɗaya za su yi gardama, ɗaya ya ce kaurin ya yi yawa, ɗaya ya ce babu shi, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. A risiba, ana saita dukkan lasifika a matsayin ƙanana, a miƙa duk abin da ke ƙasa da 80 Hz ga sabwufa, kamar yadda ma'aunin THX na ingancin sautin sinima ya tanada. A ƙasa da wannan iyaka kunne ba ya saurin gane inda sauti ke fitowa. Yawancin risibobin zamani suna zuwa da ƙaramin makirufo na auna ɗaki, YPAO a na Yamaha, Audyssey a na Denon da Marantz, amma ba sa iya cike ramin da mummunan wuri ya haifar. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a ɗora sabwufar a kan kujerar da ake zama, a kunna kiɗa mai kaurin sauti iri-iri, sannan mutum ya durƙusa ya bi gefen bango a hankali yana sauraro da kunnensa kusa da ƙasa. Inda ya ji kowane bugu yana fita daidai, babu wanda ya kumbura babu wanda ya ɓace, nan ne mazaunin sabwufar, sai a sa alama a wurin, a sauke ta daga kujera a kai ta can, sannan a gudanar da awon risibar.