Gargaɗi kan masu aikin famfo da ke binne bututun waya a bangon banɗaki

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin magidanta a ƙauyuka da ƙananan garuruwan Kano da Jigawa, musamman masu gyaran gida domin tarewar amarya, game da wata damfara da wasu masu kiran kansu ma'aikatan famfo suke yi. Yanzu da rijiyar burtsatse da tankin sama suka shiga gidaje da dama, mutane na son banɗakin zamani, har wasu na sa kwamin wanke hannu guda biyu a jere, kuma a irin wannan aiki ne mayaudaran suka fi samun ƙofa, domin duk abin da suka yi bango ne zai haɗiye shi, a yi filasta, a manna tayil a kai.

Mutumin zai zo da guntun bututun PPR, koren nan mai kauri, ya miƙa wa maigida ya taɓa, sannan ya rubuta lissafin kaya har da layin ruwan zafi, ya ce a ba shi kuɗin gaba ɗaya ya shiga Kano ya sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa don a samu rangwame. Zai dawo da rasit, amma rasit ɗin da babu sunan shago a kansa kowa na iya rubuta shi. Daga nan sai ya zaɓi ranar kasuwa ko lokacin da maigida ke gona, ya san matan gida ba za su tsaya a kansa ba, ya fasa bangon, ya shimfiɗa siririn bututun roba da ake zura wayar lantarki a ciki, ya sa kayan kirki a bakin da zai leƙo waje kawai. Kafin maigida ya dawo an shafe wurin da siminti, ana ce masa: "Alhaji, ai mun rufe ne don kada mai tayil ya yi ta jira."

Na ga wannan aiki da idona a gidan wani ɗan'uwanmu a yankin Ringim bayan an ɓalle tayil ɗin. Bututun fari ne, idan ka danna shi da babban yatsa sai ya lotsa, kuma kowace mahaɗa ta yi baƙi da hayaƙi, domin maimakon ya sayi soket da elbo, wato mahaɗan bututu na miƙe da na lanƙwasa, gasa bakin bututun ya yi da wuta ya cusa wani a ciki. Layin ruwan zafin da aka biya kuɗinsa kuwa guntu ne da bai wuce taƙi ɗaya ba, an dasa shi a bango bai haɗu da komai ba. Ruwan ya daɗe yana tsiyaya a ɓoye har fentin ɗakin da ke bayan banɗakin ya kumbura yana zubowa, kayan amarya suka yi fumfuna, lambar wayar mutumin kuma ta daina shiga. Da ginin ƙasa ne aka yi wa yaɓen siminti, da bangon kansa zai iya rushewa.

Bututun waya ba a yi shi don ɗaukar matsin ruwa ba. PPR na gaskiya yana da rubutu a jikinsa da ke nuna girmansa da ƙarfinsa, kamar PN16 ko PN20, kuma PN20 ake nema ga ruwan zafi. Ba a haɗa shi da gam, da injin dumama ake narka bakinsa a zafin da ya kai digiri 260, saboda haka duk wanda ya ce zai yi maka aikin PPR amma bai zo da wannan inji ba, kuma bai tambaye ka janareta ko wutar sola ba, to da walakin.

Akwai kuma batun girman bututu, wanda a nan ma suke cin kuɗi. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa, kuma tankin da ke kan ƙarfe mai mita 4 ko 5 ba shi da wani matsi mai yawa. Abin da ya dace shi ne a jawo bututu mai milimita 25 daga tanki har banɗakin, sannan a raba shi da mahaɗar ti, mai baki uku, zuwa biyu masu milimita 20, kowane kwami da nasa, kowanne kuma da makullinsa a ƙarƙashi domin a iya gyara ɗaya ba tare da an yanke ruwan gidan ba. Mayaudarin zai karɓi kuɗin babban ya ja ƙaramin tun daga tanki, sai ka ga idan an buɗe famfo ɗaya, ɗayan ya koma ɗiga.

Don Allah, 'yan'uwa, ku sayi kayanku da kanku ko ku haɗa ma'aikacin da ɗanku, a sauke su a tsakar gida a ƙirga. Kada ku yarda a rufe bango sai kun ga kowane bututu da rubutunsa, an toshe bakunan, an cika tanki, an saki ruwa ya kwana a ciki, da safe kun bi mahaɗun da busasshen hannu. Ku ɗauki hoton bangon a buɗe, ku riƙe ragowar kuɗin aiki sai an ɗaura kwami biyun an buɗe su tare, kuma ku nemi wanda aka san gidansu da ubangidan da ya koya masa sana'a. Wanda abin ya riga ya shafa ya adana guntayen bututun da rasit da shaidar tura kuɗi, ya kai wa mai unguwa ko dagaci, daga nan a wuce ofishin 'yan sanda, domin mutanen nan da zarar asirinsu ya tonu a gari ɗaya sai su koma ƙauyen gaba da sabon layin waya.