Basalona ko Mayami: wacce ta fi sauƙin biza ga mai fasfon Nijeriya?

Alhaji, kun ce ejan ɗinku a nan Sakkwato ya kawo muku tafiya biyu ta jirgin ruwan shaƙatawa, kowacce kwana 7. Ɗaya daga Basalona ta Sifen za ta zaga Bahar Rum, ɗayar daga Mayami ta Amurka ta bi tsibiran Karibiyan. Ya kuma ce tsayawar 'yan awowi a tasha ba ta buƙatar biza, in ma ana shakka sai a yi zamansu cikin jirgi.

Wannan ta zama cikin jirgi ku ajiye ta gefe. Ranar hawa, ma'aikacin kamfani zai buɗe fasfonku ya gwada shi da jerin tashoshin da za a bi. In biza ɗaya ta gaza, ba hawa, kuma sharuɗɗan tikiti sun ɗora nauyin takardu a wuyan fasinja, kuɗi ba ya dawowa.

A tafiyar Basalona, biza ɗaya ce ke ɗauke kusan komai, wato ta Shengen, wadda ƙasashen Turai 29 suka yi tarayya a kai. In jirgin zai tsaya Marsai a Faransa, da Jenowa da Palermo a Italiya, da Malta, duk gida ɗaya ne. Kuɗinta yuro 90 ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ofishin jakadancin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta za ku nufa. In kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za ku fara sauka. Hoton yatsu kuwa sai mutum ya je da kansa Abuja ko Legas. Bisa ƙa'ida amsa na fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kai wa 45, don haka ku miƙa da wuri, an yarda tun saura wata 6.

Inda ake faɗawa rami shi ne adadin shiga. Ku duba takardar da aka manna a fasfo, akwai gurbin da ake buga 01, ko 02, ko MULT. Mai 01 shiga ɗaya gare shi, mai MULT kuwa shiga da yawa. Da zarar jirgi ya ratsa Tunusiya, ko Turkiyya, ko Kotor ta Montenegro, kun fita daga Shengen ke nan, kuma bizar ta mutu ko da kwanakinta ba su ƙare ba. Washegari jirgi zai wayi gari a Italiya, ku kuma ba ku da izinin shiga. Shi ya sa ake haɗa cikakken jadawalin jirgin cikin takardun nema, a kuma zaɓi shiga da yawa a fom. Ita ƙasar da aka ratsa tana da nata sharaɗin daban, ku sa kamfanin ya aiko muku da shi a rubuce.

A ɓangaren Mayami ne maganar ejan take da ɗan tushe. Meziko, alal misali, ba ta neman biza ga fasinjan jirgin ruwa da ya sauka yawon yini a Kozumel, Barbados kuma dama ba ta neman biza ga ɗan Nijeriya. To amma matsalar ba a tsibiran take ba, a Amurka take. Sau biyu za ku shige ta: ranar da kuka sauka daga jirgin sama, da ranar da jirgin ruwa ya dawo da ku. Kuɗin neman bizar ziyara ta B1/B2 dala 185 ne, da cika fom ɗin DS-160 da ganawa ido da ido a Abuja ko Legas. A ranar 8 ga Yulin 2025 kuma Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Nijeriya ta shiga ɗaya, mai wata 3. Wadda aka buga wa S, wato shiga ɗaya, a gurbin shiga ba za ta yi wannan tafiya ba, sai mai M, wato shiga da yawa. Labarin da kuke ji cewa ana hawa daga Mayami ko ba fasfo, sassauci ne da aka yi wa 'yan Amurka, bai shafe mu ba.

A ganinmu, in ba kuna riƙe da tsohuwar bizar Amurka mai M da har yanzu take aiki ba, Basalona ce taku, musamman jadawalin da bai fita Shengen ba ko sau ɗaya.

Kowacce kuka ɗauka, kamfanonin jirgi galibi suna son fasfo ya rage wata 6 bayan ranar sauka, ko da yake Shengen wata 3 take nema. Ku bi ta kamfani, su ne a bakin ƙofa. Ku tafi da katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda sai bayan kwana 10 da allura yake fara aiki. A tasha kuma, lokacin komawa jirgi yawanci minti 30 ne kafin tashi, da agogon jirgi ba na gari ba. Wanda ya makara a tashar da aka sauke shi bisa sassaucin yini, ya zama baƙon da ba shi da biza a ƙasar mutane, kuma daga aljihunsa zai bi jirgin zuwa tasha ta gaba.